Hular Zayyanu

Ku gyara zama, ga wata shari'a da har yau ba a yanke ba.

An kawo wani kurtu, Zayyanu, cikin sojojin da ke gadin wata gada a bakin daji. Siriri ne kamar karan gero. In an zauna cin abinci sai tsofaffin hannu su rufe da'ira, shi ya ci a tsaye. Zuciyarsa ta karye.

Lurwanu, soja marar igiya, shi ya tsince shi a tasha cikin kayan gida, zai gudu wajen uwarsa. Bai kai ƙara ba. Ya zauna kusa da shi a benci har mota ta cika ta tashi, sannan ya ce, "Taso, ƙanena, mu koma."

Kofur Mamuda kuwa rannan ya matsa, ya buɗe masa wuri a bakin kwano, ya ce, "Zauna, Tsinke, kafin iska ta kwashe ka." Aka yi dariya, sunan ya bi shi, ya zama ɗan gida.

Saje Barau bai taɓa yi masa murmushi ba, amma kullum sai ya sa shi kwance bindiga da haɗa ta, har hannunsa ya daina neman ido.

Lurwanu kan hango Zayyanu yana raha da Kofur, yana bin Saje kamar jela. Shi gaisuwa kawai yake samu.

Ranar da 'yan bindiga suka far musu, Zayyanu ya tsaya a bakin gadar yana harbi har 'yan'uwansa suka haye. Shi bai haye ba.

A al'adarsu, wanda ya fi kusa da mamaci shi ke kai wa uwarsa hularsa. Su uku suka miƙa hannu.

Saje ya ce, "Hannun da ya tsare gadar nan, ni na gina shi."

Kofur ya ce, "Ranka ya daɗe, mutum ba ya mutuwa don waɗanda ba su ci da shi ba."

Lurwanu ya fasa sirrin tasha. "Da ban komo da shi ba, wa za ku koya wa? Wa za ku ciyar?"

Kofur ya dube shi. "Da ka ƙyale shi, da yanzu yana gaban tsohuwarsa yana shan fura."

Lurwanu ya sunkuyar da kai, amma bai saki hular ba.

To, jama'a, wane ne a cikinsu ya cancanci ya durƙusa gaban uwar Zayyanu da hular nan?