Keken da Ya Kai Baba Jatau Bayan Tudu

Ku gyara zama. Ke mai danna waya, kife ta, don in na gama da ke zan fara tambaya.

An yi wani tsoho, Baba Jatau, mai gona ɗaya tak a bayan tudu, bakin rafi. Ambaliya ta share gambar da ke kan iyaka, sai maƙwabcinsa Gambo ya ce rabin gonar nasa ne. Dagaci ya sa ranar Alhamis: kowa ya zo ya nuna shaidarsa kafin azahar, wanda bai zo ba ya haƙura. Shaidar Jatau wani tsohon dutsen niƙa ne da ubansa ya binne a kan iyakar, kuma duk duniya shi kaɗai zai gane wurin, shi ma sai ya tsaya da ƙafarsa ya duba.

Ƙafar ce fa matsalar. Gwiwa ta ci shi. Mota ba ta bin hanyar, babur kuwa an hana hawansa a yankin. Kada wani ya ce mini jaki, jaki ne ya kayar da shi bara. Aka ce a ɗauke shi a kafaɗa, ya ce, "Ban mutu ba tukuna."

Ba shi da ɗa, sai 'ya'yan ƙanwarsa uku: Mati mai gyaran batirin sola, Ilu mai gyaran keke, da Dije da ke kai niƙa a kan keke kullum. A gidansu akwai wani keken lantarki na hannu, kuma abin kallo ne. Injinsa ba a cikin taya yake ba, yana tsakiya, inda feda take. Kana juya ƙafa kaɗan, sai ya ji, ya ja sarƙa tare da kai kamar an ara maka cinyar saurayi. Amma don shimfiɗaɗɗen titi aka yi shi. Suka ɗaura masa buhun dawa a madadin tsoho, bai ci sulusin tudu ba ya yi gum.

Mati ya kwance batirin, ya jera ƙwayoyinsa a kan tabarma yana gwada su ɗaya bayan ɗaya. Ya fid da matattu, ya ƙara sababbi. Sannan ya buɗe ɗan akwatin da ke raba wa injin wuta, ya sakar masa mara don wutar ta ƙaru. Kwana biyu yana wannan, har wuta ta ƙone masa babban yatsa. Aka gwada, keke ya zabura kamar ɗan akuya. A tsakiyar tudu sarƙa ta ce tas!

Ilu ya tsinci guntayen yana dariya. "Yaya, ka ba shi ƙarfin bijimi, ka bar shi da igiyar kaza." Ya ce duk ƙarfin irin wannan injin ta sarƙa yake bi. Ya sa mai kauri, ya cire babban faifan haƙora na gaba ya sa ƙarami, na baya ya sa babba, da ya tono a tarin ƙarafansa ya goge da hannu har ya zauna daidai. Gudu ya ragu, amma keke ya hau tudu da buhu har ƙoli, a natse, inji bai ko yi zafi ba.

Suna tafi, Dije ta ce, "To, da wane birkin zai sauka?"

"Mu muna neman ya tafi, ke kina neman ya tsaya," in ji Mati.

"Ku kun taɓa gangara bayan tudun nan da kaya? Ni na gangara, ga tabon."

Ta ce birkin roba ba ya kama jiƙaƙƙiyar taya. Ta yi yini guda a kasuwar gari har ta samo birki mai faifai, ta ɗaura da kanta. Ta kuma haɗa wata 'yar waya, yadda da an matse birki injin zai ɗauke.

Alhamis aka wayi gari da yayyafi. Tsoho ya hau, dama ya yi keke a zamaninsa. Batirin Mati bai gaza ba. Sarƙar Ilu ba ta tsinke ba. Da ya fara gangara, tsoro ya kama shi, ya manta, ya ci gaba da juya ƙafa, inji kuwa ya ɗauka ƙari ake nema. Dije na biye tana ihu, "Kawu, matse! Matse mana!" Ya matse. Inji ya yi ɗif, keke ya tsaya taku biyu daga bakin kwazazzabo.

Ya isa dagaci na shirin tashi. Jatau ya dubi wata kuka da ke gonar, ya dubi rafi, ya soka sandarsa a ƙasa. Aka haƙa kamu biyu, ga dutsen niƙa. Gambo ya ce rana ta yi, shi zai wuce.

Nan Jatau ya dubi 'ya'yan ƙanwarsa ya ce, "Ni da tudun nan mun yi sallama. Wanda ya kawo ni a cikinku, shi zai riƙe gonar. Kuma ba zan raba ta ba, na gaji da rigimar iyaka."

Mati ya ɗaga ƙonannen yatsa, ya ce ba don wutarsa ba da suna gindin tudu har yanzu. Ilu ya ce wutar da ta tsinka sarƙa? Dije ta ce su biyun ƙoli suka kai shi, gona kuwa ba a ƙoli take ba.

Na daɗe ina juya wannan magana, kuma ban son a ce mini duka sun yi ƙoƙari, na san sun yi. Gona ɗaya ce. Ke mai waya, ɗago kai: Mati, Ilu, ko Dije, wa za a miƙa wa fartanya?