Sandar Galadima Barmo

A wani zamani mai tsawo da ya shige, tun ana haɗuwa da aljannu a mashigin kogi, an yi Sarki Tunau a Birnin Zarwa, ƙasar alkama da shanun da ido ba ya kai ƙarshensu. Rawani nasa ne, amma iko ba nasa ba, domin kowane hakimi yana da sandar gado mai asiri, wadda in ya gindaya ta a ƙofar fada, ƙafar ɗan ƙasar ba ta iya tsallake ta, shawarar da ake yi kuma ta mutu ke nan, ko mutum dubu sun yarda. Shekara arba'in ganuwa na zubewa, kullum aka ce a gyara, sai an sami mai gindayawa.

Sarki ya tara malamai da manoma da maƙera, aka rubuta sabuwar doka a fatar raƙumi: abin da mafi yawa suka yarda da shi za a bi, a jingine sanduna.

Galadima Barmo ya ƙi. Ya nufi kogin arewa, wurin Uwar Ƙanƙara, sarauniyar aljannu, wadda ta daɗe tana haɗiyar yawu a kan alkamar Zarwa. Ɗansa Jatau, wanda aka yi wa baiko da Gimbiya Yalwa 'yar Sarki, ya riƙe masa linzami a bakin ruwa.

"Baba, in ka shigo da ita, da me za ka fitar da ita?"

"Da sandar nan, marar kunya. Da ita kakana ya zaunar da sarki uku."

Da ya isa, ya faɗi ya yi gaisuwa. "Ranki ya daɗe, an taɓa 'yancin manya. Ki zo ki mayar mana da al'adar iyayenmu."

Ta ce, "Tashi, Galadima. Ai haƙƙin maƙwabtaka ne."

Ta zo cikin iska mai sanyi, rundunarta ta shiga ta inda ganuwa ta zube. Jatau ya yi yaƙi a gefen Sarki har aka sare masa hannu. Aka ci birnin, aka ƙone fatar dokar, Galadima na tsaye yana murmushi.

To, kwana bakwai da haka, sai aka ji sarauniya za ta shiga fada ta raba Zarwa uku, ita da ƙannenta biyu. Galadima ya riga ta isa ƙofa, ya gindaya sandarsa, ya harɗe hannu. Ta iso, ta wuce ta samanta kamar hayaƙi, don aljani ba ya taka ƙasa, kuma ɗan ƙasa kaɗai asirin yake kamawa. Ta waiwayo.

"Galadima, ka yar da itacenka."

Waɗanda suka tsira suka bi Sarki gudun hijira, suka kafa bukkoki a wani faƙo. Yalwa ta haddace dokar tun kafin a ƙone ta, da ita suka riƙa yanke shawara, su ɗari biyu. A nan aka ɗaura aurenta da Jatau, ba kiɗa.

Ana cikin girki sai ga Galadima a ƙafa, ba rawani. Ba wanda ya miƙe. Ya tsaya gaban ɗansa.

"Jatau, ba ni da abin kawo maka."

Jatau ya ce, "Itace muke nema, Baba."

Tsohon ya karya sandar a gwiwa, ya tura ta murhu. Ta ci wuta nan da nan, ta zama toka, ruwan tuwo ko ɗumi bai yi ba.