Gadon Da Mama Nas Take Tsallakewa

Akwai wata ma'aikaciyar jinya da kowa a asibitinsu yake kira Mama Nas. A ɗakin maza take aiki, ɓangaren waɗanda ba sa iya tashi da kansu. Mace ce mai tausayi, har majinyata kan yi gardama a kan wa za ta fara dubawa. A coci kuma tana layin gaba, muryarta ta fi ta kowa in ana waƙa.

Sai dai akwai abin da ba wanda ya lura da shi. In ana Addu'ar Ubangiji, aka zo wurin da ake roƙon Allah ya gafarta mana kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi, sai ta tsuke bakinta. Sai an wuce wurin take ci gaba.

Tana da dalilinta. 'Yarta ɗaya tilo tana dawowa daga wurin koyon ɗinki, wani direban bas da ake wa laƙabi da Guguwa saboda gudu ya buge ta da mota a bakin titi, ta mutu. A kotu ya rantse yarinyar ce ta faɗo masa. Zaman da ya yi a gidan yari bai taka kara ya karya ba. Bayan ya fito, Mama Nas ta gan shi da idonta a tasha yana ƙyalƙyala dariya da abokansa. Wannan dariyar ta zauna mata a ƙirji shekara da shekaru.

Wata safiya ta shigo aiki ta tarar da sabon majinyaci a gadon bakin taga. Tana ganin fuskarsa ta gane shi. Guguwa ne. Gudun nasa ne ya kifar da shi, ƙashin bayansa ya karye, daga ƙirji zuwa ƙasa ba ya motsi, ba ya jin komai. Ƙaninsa da ya kawo shi ya ce zai je ya dawo, shi ke nan ba a sake ganin ƙeyarsa ba.

Ga wanda bai sani ba, mai irin wannan ciwo dole a riƙa juya shi a kai a kai, a goge masa baya, a shafa masa mai. In aka bar shi kwance a gefe ɗaya, fatar sai ta mutu, gyambo ya buɗe. Ma'aikata sun yi ƙaranci a ɗakin, kuma layin taga na Mama Nas ne tun safe har yamma.

Magani tana ba shi a kan lokaci. Ruwa ma tana ajiye masa. Amma in ta zo juya majinyata, sai ta juya na dama da shi, ta tsallake shi, ta juya na gaba. Shi kuma bai taɓa kiranta ba, sai dai ya bi ta da ido. Ta riƙa gaya wa kanta ai ita ba ta yi masa komai ba. Gaskiyarta kuwa, ba ta yi masa komai ba, kuma nan ne ɓarnar take.

A gadon kusa da shi akwai wani tsoho mai ciwon suga da aka yanke wa ƙafa, ba ya rabo da barkwanci. Shi ne yake miƙa hannunsa ya sa wa Guguwa kofi a baki. Wata rana ya tare ta da wasa, ya tambaye ta ko maƙwabcin nasa tsohon mijinta ne da ba ta ko kallonsa. Da ya ga ba ta yi dariya ba, sai ya rage murya.

"'Yata, maƙwabcina ya fara wari."

Ta tsaya cak. Ta ja labule, ta yaye zanen gadon, ta mirgina shi. Abin da ta gani ba zan kwatanta muku ba, don wasu na karantawa suna cin abinci. Gyambon ya ci nama har kusa da ƙashi. Ita da ta koya wa ƙananan ma'aikata yadda ake hana wannan, ta san sarai hannun wa ya jawo shi.

Ta tuna yadda take tsine wa mutumin da ya yi wasa da ran da ke hannunsa, ga shi ita ma an danƙa mata rai ta yi wasa da shi. Shi a guje ya yi nasa. Ita a tsanake ta yi nata, cikin fararen kaya, tana rera waƙar yabo a ranta.

Daga ranar ta duƙufa a kansa. Ta je da ƙafarta ta gaya wa likita sakacinta ne, ta karɓi hukuncin da aka yi mata ba musu. Tana wanke gyambon, tana juya shi, tana ba shi abinci a baki. Amma cutar ta riga ta shiga jini, zazzaɓi ya ƙi sauka.

Wata rana da hantsi tana goge masa fuska, ta daure ta ce masa akwai abin da ya kamata ya sani game da ita.

"Na san ki," in ji shi. "Tun ranar farko na gane ki. Ke ce uwar yarinyar. Duk sanda kika wuce gadona, sai in ce a raina daidai ne."

Ya huta, numfashinsa na sarƙewa, sannan ya ce ƙarya ya yi a kotu. Yarinyar ba ta shigo titi ba, shi ne ya sauka daga titi ya same ta. Ya ce bai isa ya nemi gafara ba, shi ya sa bai taɓa buɗe baki ba.

Mama Nas ta durƙusa a gefen gadon tana kuka. Ta yi shekaru tana jiran ranar da zai roƙe ta, sai ga shi ita ce take cewa, "Ka yafe mini. Da gangan na bar ka."

Ya ce ya yafe. Ita ma ta furta tata yafiyar, da ƙyar. Ya roƙe ta ta yi masa Addu'ar Ubangiji, don ya manta yadda ake yi. Ta riƙe hannunsa ta fara. Da ta iso wurin nan da take tsallakewa, ta faɗe shi gaba ɗaya, tsohon nan na gadon kusa yana amsawa da amin.

Guguwa bai kai ƙarshen makon ba. Ba wanda ya zo ɗaukar gawarsa. Mama Nas ce ta tsaya aka binne shi, a maƙabartar da 'yarta take kwance.

Darasi: Ubangiji Yesu ya umarce mu mu ƙaunaci Allah, mu ƙaunaci maƙwabcinmu, har da maƙiyinmu, kuma bai ce sai maƙiyin ya fara ba da haƙuri ba. Ƙiyayya ba sai ta ɗaga hannu take kisa ba, janye hannu ma ya ishe ta. In akwai gadon da kake tsallakewa, ka koma masa tun mai shi yana numfashi. Ku tura wannan ga 'yan uwa, wataƙila wani yana tsuke bakinsa a wurin addu'a ba ku sani ba.