Makullin Famfon Tabawa

Tabawa ta rasa mijinta Sallau, ta samu buhun shinkafa da duro biyu. Ta'aziyyar kamfanin da yake wa aiki ke nan. Ku ji sauran, don ku za ku yanke hukunci.

Aikin Sallau wanke ƙarafan inji ne da wani farin sinadari mai hawa kai, wanda ke cinye maiƙo nan take. A rufaffen ɗaki yake yi, hannu ba safa, hanci a buɗe. Kullum sai ya dawo yana tangaɗi, har hantarsa ta kumbura, ya cika. Tabawa ba ta fita takaba ba sai ga 'yarta Ladidi kwance da jiri da amai irin na uban.

Mati ɗan garuwa ne ya shinshina gugan rijiyar gidan, ya ce warin rigar Sallau yake ji. Ya hana su sha. Kullum sai ya turo musu kurar ruwa daga hayin gada, ƙafa duk faso, har Ladidi ta miƙe.

Jummai ma'aikaciyar jinya ta ɗebi ruwan a kwalba ta kai gwaji. Aka ce ta fita harkar manya, ta ƙi. Gwaji ya nuna guba, ita kuma aikinta ya tafi.

Kamfani ya ce ba daga wurinsa ba ne. Sai Ilu, abokin aikin Sallau, ya ja mai unguwa zuwa bayan katangar kamfanin, dab da gidajensu, ya nuna ramin da ake tuttular da dattin sinadarin. Shi ake sawa ya zubar, shekara da shekaru. Washegari aka kore shi.

Manajan kamfanin ya zo da kuɗi a leda. Tabawa ko tabarma ba ta ba shi ba.

"Iya, a yi haƙuri, ƙaddara ce."

"Ƙaddarar ce ta haƙa ramin? Ladidi, ɗebo masa ruwan rijiyarmu. Ɗan nan, ka shanye kofi ɗaya, na yafe muku."

Ya kalli kofin, ya kasa ɗauka. Ya ƙara kuɗi, ta tura ledar da ƙafa.

"Ku kwashe raminku. Ku fasa tagogi a ɗakin da ya ci mijina. Ku haƙa wa unguwa burtsatse can nesa da ku, makulli a hannuna. Ban rage ko ɗaya ba."

Haka aka yi. Yanzu mai tsaron famfo ɗaya ake nema, shi zai ci abinci da shi. Mati, famfon ya kashe masa sana'a. Jummai tana zaune a gida. Ilu ya tona gaskiya, amma hannunsa ne ya zuba gubar.

To, wa za ta damƙa wa makullin?