Mai Gyaran Famfo da Littafin Koke

An yi wani mutum a wata unguwa, sana'arsa gyaran famfo. Ba zan faɗi sunansa ba, don in na faɗa, na yi irin abin da ya yi ke nan.

Shekara ashirin yana wannan aiki. Kun san halin sana'ar. Tela a shago ake samunsa, mahauci a bakin teburinsa, amma mai famfo har ƙuryar gida ake kai shi. Ya shiga madafa, ya shiga banɗaki, ya durƙusa a bayan ɗaki yana tono. Yakan ga gidan da aka wuni ba a ɗora tukunya ba, ya ga gidan da miji da mata suka daina magana. In ya gani sai ya ɗaure bututunsa, ya wanke hannu, ya fita. Ba a taɓa jin zancen gidan wani a bakinsa ba. Har ta kai in ya yi sallama mata ba sa katse hirarsu.

Da zaɓen kansila ya matso, mutanen unguwa ne suka same shi da kansu. Suka ce, "Kwatar da ta toshe ka san ta, layin da ruwa ba ya kaiwa ka san shi. Ka fito, muna bayanka."

Ya fito, kuma ya faro da kyau. Ya raba unguwa layi-layi, kowane layi ya sa mutum guda. Yayansa tela ya ɗinka masa tutoci. Kullum bayan la'asar sai ya bi gida-gida, shi ya zauna da maza a ƙofar gida, matarsa ta shiga wajen mata. Yana da wani littafi mai baƙin bango, duk wanda ya kawo kuka sai ya rubuta. Yakan ce, "Ku faɗa min komai, kada ku ji kunya." Su kuwa suka faɗa. Wa zai ji kunyar mutumin da ya riga ya ga banɗakinsa?

Jam'iyyarsu mutum ɗaya za ta tsayar, su kuma biyu ne ke nema: shi da wani tsohon hedimasta da ya yi ritaya. Ranar fitar da gwani kowane ɗan takara zai tsaya a fili, masu sonsa su yi layi a bayansa, a ƙirga kawuna.

A nan ne wani mutum ya raɓe shi, ana ce masa Mai Lasifika, don shi ke ba da hayar kayan sauti a taro. Ba a taɓa zaɓe ya rasa ɗan takarar da zai raɓa ba. Wata rana ya ɗauki littafin yana buɗawa, ya yi dariya ya ce, "Ranka ya daɗe, ashe duk unguwar nan a aljihunka take, kana ta wahalar da ƙafafunka? Wanda duk ka san sirrinsa ai ba roƙonsa za ka yi ba, tuna masa kawai za ka yi."

Yayan mai famfo yana wurin, ya tsayar da keken ɗinki ya ce, "Ƙanena, littafin nan ba naka ba ne. Ajiya aka ba ka."

Mai famfo ya ce, "Yaya, kai dai ka ji da tutoci."

Akwai wata mata mai injin markaɗe a unguwar, kowa Inna yake ce mata. Kowace safiya mata na jere da robobinsu a ƙofarta, abin da ta ce kuwa shi suke bi. Inna ta riga ta faɗa a fili cewa hedimasta za ta bi, don shi ya koyar da 'ya'yanta.

Inna tana da abin da take rufewa. Mijinta direba ne, ya yi haɗari, ya tashi da rai amma hankalinsa ya taɓu. Ta ce wa mutane yana wajen danginsa ana masa magani. Alhali yana ɗakin baya, ita ke masa wanka, ita ke ba shi abinci a baki. Ta rufe ne saboda 'yarta, ma'aikaciyar jinya, wadda aka sa wa ranar aure. Mai famfo ya sani, don shi ya ja mata ruwa zuwa ɗakin shekara uku da suka wuce. Kuma da matarsa ta je yawon gida-gida, Inna ta ja ta gefe ta ce, "Ko ban zaɓi mijinki ba, in Allah Ya ba shi, ya taimaka a riƙa samun maganin nan a asibitin unguwa." Aka rubuta a littafi.

Mai famfo ya je ya same ta a bakin inji. Ta kashe injin ta ce, "Ɗan nan, yau kai ne da kanka? Famfona dai lafiyarsa ƙalau."

Ya ce, "Inna, na zo gaishe ki ne. Yaya mai jikin na ɗakin baya? Surukanku sun taɓa shiga sun duba shi kuwa?"

Ta dube shi ta daɗe. Ta ce, "Ranar da ka sa famfon nan, da hannunka ka taya ni ɗaga shi. Har ƙwalla ka yi. Kai ne kuwa?"

Ya ce, "Ni dai ina so in gan ki a layina, ke da matanki."

Ta ce, "Na riga na ba malam alkawari." Ta tayar da injinta.

Ya 'yan uwa, har a nan ƙofar tuba a buɗe take. Da ya koma gida ya ji kunya, da shi ke nan. Amma sai ya kai wa Mai Lasifika labari.

Saura kwana huɗu a fitar da gwani suka yi babban taro a bakin kasuwa. Mai Lasifika ya karɓi abin magana ya ce, "Jama'a, masu kulle mahaukaci a ɗaki suna markaɗa muku kayan miya, su ne za su zaɓar mana shugaba?" Wasu suka yi dariya. Mai famfo yana zaune a kujerar gaba cikin sabuwar riga. Ya ji, kuma ya yi murmushi.

Kafin magariba mutane sun cika bayan gidan Inna suna leƙen taga. Mijinta, bawan Allah, ya ga fuskoki, ya firgita, ya yi ta ihu har muryarsa ta dushe. Washegari dangin mai neman auren suka aiko cewa a dakata tukuna. Kowa ya san ma'anar wannan dakatawa. Inji ya kwana uku bai yi ƙara ba.

Mai famfo ya ɗauka ya yi nasara. Duk inda ya bi sai a gaishe shi da sauri, a sunkuyar da kai. Ya ce wa matarsa, "Kin ga yadda ake girmama ni yanzu?" Bai san abin da ke cikin zukatan ba. Kowane magidanci ya koma gida yana tambayar kansa: ni me ya gani a nawa gidan? Ni me na faɗa aka rubuta?

Ranar ta zo. Da hantsi aka taru a filin makaranta. Hedimasta ya tsaya can, mai famfo ya tsaya nan, aka ce kowa ya bi nasa. Mai famfo ya tsaya ƙyam yana kallon gaba, yana jin takun ƙafafu, yana tsammanin bayansa suke zuwa. Da ya waiwaya sai ya ga Mai Lasifika da 'yan korensa shida. Mutanen da ya naɗa a layi-layi duk suna can bayan hedimasta. Yayansa ko fitowa bai yi ba.

Sai ga matarsa ta taho. Ya ji sanyi a ransa. Ta tsaya a gabansa ta ce a hankali, "Maigida, ni na shiga ɗakinta, ni ta riƙe wa hannu ta faɗa wa. Da bakina ka yanka ta." Ta wuce ta shiga wancan layin, ta tsaya kusa da Inna.

Faɗuwa zaɓe ba komai ba ce, mutanen kirki ma suna faɗuwa. Mai Lasifika ya kwashe kayansa ya koma wata unguwa wajen wani ɗan takarar. Mai famfo ya cire babbar riga, ya ɗauko akwatin kayan aikinsa, ya zauna inda ya saba zama. Mako ya wuce, wata ya wuce, ba wanda ya kira shi. Bututu ya fashe a gidan maƙwabcinsa, ruwa na bin titi, aka tafi wata unguwa aka ɗauko baƙo. In ya doshi majalisa sai hira ta mutu.

Da abin ya ishe shi ya fito da littafin, ya cinna masa wuta a tsakiyar layi don kowa ya gani. Mahauci ya leƙo daga teburinsa ya ce, "Wannan ka ƙona. Na cikin kanka fa, wa zai ƙona mana?"

Ya je wajen Inna neman gafara. Ba ta zage shi ba. Ta ce, "Ni ba ni ce a gaba ba. Je ka roƙi 'yata da ke zaune a ɗaki. Ka roƙi maigidana, wanda tun ranar bai ƙara yarda a buɗe masa taga ba. In sun yafe, ka dawo."

Bai iya shiga ba. Yana nan har yau da akwatinsa a bakin titi, sifanoninsa sun yi tsatsa.

Ya 'yan uwa, neman shugabanci ba laifi ba ne. Bin gida-gida da sauraron kukan mutane abu ne mai kyau, da ma duk masu nema haka suke yi. Amma wanda ya buɗe maka ƙofarsa ya faɗa maka ciwonsa, amana ya ɗora maka, kuma za a tambaye ka ita. Mutumin nan ba wayonsa aka so ba, ba bakinsa aka so ba. Shirunsa aka so. Shi ne kaɗai abin da ya mallaka, ya ba da shi don kujerar da ko zama bai yi a kanta ba.

Kowannenmu yana riƙe da sirrin wani: likita, malami, dillali, maƙwabci, matar gida. Kuma kowannenmu yana da nasa ɗakin bayan da ba ya son a leƙa. Kafin ka buɗe na wani, ka tuna da naka.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira. Allah Ya ba masu jinya lafiya, Ya saka wa masu haƙuri. Allah Ya kiyaye mu da cin amanar wanda ya yarda da mu. Amin.