Kwamfutar Da Baba Ya Bari A Kunne

Akwai wani saurayi da 'yan gidansu ke kira Injiniya, don babu na'urar da ta taɓa gagararsa. Jama'a, ku gyara zama.

Mahaifinsa ya rasu ya bar kwamfuta a kunne a ɗakinsa, tana maimaita labaran da ya ɗauka da muryarsa saboda jikoki. Wutar sola ke riƙe da ita. Kullum da la'asar Mama takan zauna a ɗakin tana saurare. Tabaransa na nan kan tebur, takalmansa na bakin ƙofa, muryar na tashi a hankali kamar mai ita ya ɗan leƙa waje ne.

Wata rana kwamfutar ta fara cijewa. Injiniya ya duba, ya ga ɓangaren ma'ajiyar da take aiki a kai ya cika, ga wani ɓangaren a gefe babu komai. Ya ce aiki kaɗan ne, zai matsar da iyakar da ke tsakaninsu.

Kwamfutar ta ƙi. Ta nuna masa cewa ba a taɓa wannan ɓangaren tana aiki, sai an kashe ta an tayar da ita daga filashi.

Mama ta ce, "Kada ka kashe. Da hannunsa ya kunna ta."

Ƙanwarsa Auta ta ja shi gefe. "Yaya, ana naɗe tabarma kana zaune a kanta? Ka kwafe muryar tukuna, mu lallaɓa Mama ko da sati ne."

"Ke da ko cajar wayarki sai na nemo miki? Matsa can."

Ya samo hanyar tilasta mata. Gargaɗi ya fito, ya danne shi bai karanta ba.

Muryar Baba na tsakiyar labari sai ta fara ja, ta yi kauri, kamar mai magana daga ƙasan rijiya. Ta maƙale a kan kalma ɗaya. "Yarana... yarana... yarana..."

Injiniya na ta danne-danne, gumi na ɗiga kan madannai.

Sai tsit. Allo ya yi baƙi, ba abin da ke cikinsa sai fuskokinsu su uku da kujerar Baba a bayansu.

Ya kashe, ya kunna. Ma'ajiyar ta hargitse, ba murya, ba alamarta.

Mama ba ta yi faɗa ba. Ta gyara zaman tabarau ɗin a kan tebur, ta dubi ɗanta.

"Injiniya, yaushe zai ci gaba? Bai ƙarasa labarin ba."



Darasi: Ba kowane hani ne raini ba, wani kariya ce. Abin da ya ce ka dakata, dakata, ka adana abin da ba shi da madadi kafin ka taɓa shi. Ku tura wa duk mai saurin hannu da kuka sani.