Saiwar Mangwaron Baba

Na fara ganin Mati mai dashen itatuwa ne a bakin gonarmu, ranar da Dagaci ya zo wa Babana da rigima kan mangwaronmu.

"Malam Hudu," in ji Dagaci, "saiwar itacen nan ta ratso gonata, ruwana take sha. Ka janye ta kafin Juma'a, ba sara ba tono, ko itacen ya zama nawa."

Mati ya sauke kwandonsa ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, a ƙara mini ilimi. Wato inda saiwa ke sha, masu wurin ke da 'ya'yan?"

"Haka ne."

"Kuma takan yi nisa fiye da inuwar itace?"

"Sosai ma."

"To mangwaronka goman nan da ke jikin katangar maƙabarta, wa za a kai wa 'ya'yansu? In je in yi musu sallama?"

Dagaci ya yi tari, ya gyara rawani. "Malam Hudu, wasa nake maka."

Da Mati ya ɗauki kwandonsa, maganar da nake ta juyawa a raina ta fito.

"Malam Mati, mangwaron farko da ya nuna naka ne. Ni zan kawo maka da hannuna."